Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga gwamnonin jihohi shida da kogin Haɗejiya da na Jama'are suka haɗa

Masu girma Gwamnonin Kano, Jigawa, Bauci, Yobe, Borno da Filato,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da yi muku sannu da jama'a, na haɗa ku ku shida a takarda ɗaya ne domin ruwa ɗaya kuke sha, ko da jam'iyya ta raba ku. Ruwan da ya sauka a duwatsun Jos shi ke gangarowa ta ƙasar Bauci ya zama kogin Jama'are. Kogin Kano da na Calawa su gamu kafin Wudil su zama kogin Haɗejiya. Biyun nan kuma su haɗe a wajen Gashuwa su zama Komadugu Yobe, ya ratsa Gaidam da Damasak, yana raba mu da jihar Diffa ta Nijar, har ya faɗa Tafkin Cadi. Ni tsohon malamin gona ne da ya yi aikinsa a kwarin Haɗejiya, kuma abin da zan faɗa muku ba sabo ba ne ga duk wanda ya taɓa riƙe tiyon ban ruwa.

A wuraren taro ana yawan ambaton ci gaba mai ɗorewa, sannan a jero matsaloli uku da suka tare masa hanya: tsadar rayuwa, sauyin yanayi, da rigingimun ƙasashe. Kowacce da ma'aikatarta, da kwamitinta, da ranar taronta. Manomin Auyo ko na Kura kuwa a kakar noma ɗaya suke zo masa, kuma daga aljihu ɗaya yake biyansu.

Ku dubi fetur. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafi. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta zarce 1,000. Mutumin birni kuɗin mota yake kuka da shi. A fadama kuwa fetur shi ne ruwa, domin in babu shi a cikin inji, shuka ba za ta sha ba ko da kogi na gudana a gefen gona. Na ga magidanci ya tsaya gaban mai sayar da fetur a galan yana lissafin ko ya sayi na ban ruwa biyu ko kuwa ya tsallake ɗaya ya kai hatsi gida. Ya tsallake, kuma alkama ba ta yafe masa ba. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi farashinta, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta wuce 1,500. Inji, tiyo, maganin feshi, irin tumatir na gwangwani, duk da dala ake shigo da su.

Taki kuma tun kafin nan ya fara gagara. Yaƙin Rasha da Yukiren da ya ɓarke a Fabrairun 2022 ya taɓa manomin da bai taɓa jin sunan Kiyef ba, saboda sinadarin fotash da ake haɗa takin kamfa da shi, Rasha da Belarus na cikin manyan masu sayar wa duniya, mu kuma ba ma haƙo shi. Yuriya a gida ake yin ta. Masana'antar Ɗangote da aka buɗe a Legas a Maris ɗin 2022 an gina ta ne don tan miliyan 3 a shekara, ga kuma ta Indorama a Eleme. Amma jiragen ruwa na jiran su kai ta Birazil da Amurka, don haka da farashin kasuwar duniya take isowa Gujungu. Ban ga laifin ɗan kasuwa ba, inda kaya ya fi daraja nan zai kai.

Gwamnatin Tarayya ta ce mafita ita ce mu noma alkamarmu, aka ƙaddamar da shirin noman rani a ƙasar Haɗejiya a Nuwamban 2023, da rancen dala miliyan 134 daga Bankin Raya Afirka. Madalla. Sai dai alkama tana da lokacinta. Daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba ya kamata ta shiga ƙasa don ta ci sanyin hunturu. In ruwan ambaliya bai janye daga gona da wuri ba, ko taki da iri suka makara a hanya, to zafin Maris zai riske ta tana cika ƙwaya, sai a girbe ta a motse. Da yunwa ta tsananta a birane, hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024, aka ɗage harajin shigo da masara da alkama da shinkafa da wake na kwana 150. Farashi ya sauka, mai saye ya numfasa, kuma ba na yi masa baƙin ciki. Amma wanda ya sayi taki da tsada ya zo ya sayar da shanshera da arha a 2025, da wane baki za a sake ce masa ya faɗaɗa gona?

Sai iyaka. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai aka rufe boda, kasuwar Maigatari ta yi sanyi, dabbobi suka ragu, hatsi da tattasai suka koma bin barauniyar hanya da ƙarin kuɗi a kowane shinge. An janye takunkumi a Fabrairun 2024, amma zuwa Janairun 2025 Nijar ta fice daga ECOWAS.

Ranku ya daɗe, babu ɗaya cikin waɗannan da ke hannunku. Ba ku za ku tsayar da yaƙin Turai ba, ba ku ke yanka wa dala farashi ba, ba ku ke saukar da ruwan sama ba. Abin da ke kusa da hannunku shi ne yadda ake tafiyar da ruwan da ya riga ya sauka. Na san za a ce madatsun na Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are ne, ita kuma ta Tarayya ce tun kafa ta a 1976. Gaskiya ne. Amma ƙasar da ruwan ke bi, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 a hannunku ta damƙa ta, mutanen da yake ci ku suka zaɓa, kuma gwamna shida in suka yi magana da murya ɗaya babu ministan da zai ce bai ji ba.

Bari in daɗe a kan kogin, domin nan ne maganar take.

Madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974 zamanin marigayi Audu Baƙo, da ta Calawa da aka gama a 1992, sun yi alherin da ba mai musunsa. Su suka mayar da Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam ƙasar shinkafa da tumatir, su ke shayar da birnin Kano ta matatar Tamburawa. Amma sun canja wa kogin ɗabi'a. A da, ruwa kan zo da ƙarfi a watan Agusta da Satumba, ya malale fadamun Haɗejiya zuwa Nguru, sannan ya janye a hankali. Fili ɗaya sai ya ciyar da mutum uku a shekara: mai shinkafa ya girbe, masunci ya kama kifin da ya hayayyafa a cikin ambaliyar, mai wake ya bi danshi ya shuka, daga baya Bafulatani ya sauko da shanu su ci ragowa su bar taki. Da rani ya yi nisa, hanyoyin ruwa da yawa sukan bushe ƙaf, kuma bushewar nan ita ke kashe ciyawar ruwa. Da aka datse kogi, babbar ambaliya mai wanke hanya ta ragu, sai aka samu ɗan ruwa mara zurfi mai gudana rani da damina. Abin da kacala ke so ke nan.

Wanda bai shiga kwale-kwale a ƙasar Guri ko Kirikasamma ba, ba zai gane girman abin ba. Ciyawa ce da ta fi mutum tsayi, ta yi cunkus har ba a hango gaɓa. Tana rage wa ruwa gudu, laka da yashi su kwanta a gindinta, hanya ta cike, ruwa ya nemi wata mafita. Haka aka wayi gari mashigar Marma da ta nufi Nguru ta ɗauki ruwan da ya fi ƙarfinta, gonaki da hanyoyin mota suka nutse shekara da shekaru, alhali tsohuwar hanyar kogin da mashigar Burum Gana suna ƙishi, mutanen da ke ƙasa da su suna jiran ruwan da ba ya isowa. Cikin kacalar nan tsuntsayen jan-baki ke kwana su hayayyafa, da asuba su tashi kamar hadari su sauka a kan shinkafa da gero, yara su bar makaranta su wuni suna kaɗa gwangwani. Sauro na ciki, ga dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya. Mashayar da makiyayi ya gada ta toshe, ya ratsa ta gona, a kwana ana zaman sulhu ko ana jana'iza. Rahoton da zai iso teburinku zai ce rikicin manoma da makiyaya ne, a tura 'yan sanda, ba wanda zai rubuta sunan ciyawar.

Mutanen wurin ba su zauna ba. Sukan yi gayya, gari da gari, su shiga ruwa iya ƙirji da lauje da adda, matsattsaku na manne musu a ƙafa, mata na kan gaɓa da tukwanen abinci. Sun san sirrin aikin: a ƙarƙashin ruwa ake yanke ta, ruwa ya shiga kututturen ya shaƙe saiwar. In aka yanke a sama, kafin wata ya zagayo ta dawo. Jigawa ta sayo injinan yashe kogi masu tafiya a kan ruwa, kuma inda suka bi an ga bambanci. Amma aikin kacala ba a gama shi, kowace shekara ake komawa, kuma in Jigawa ta buɗe nata ɓangaren Yobe ba ta buɗe ba, ko Yobe ta buɗe aka ci gaba da sakin ruwa daga sama ba tsari, an yi aikin baban giwa.

Tun farkon shekarun 1990 masana tattalin arziki da suka yi aiki da shirin kula da dausayin Haɗejiya da Nguru suka auna abin da ruwa ke samarwa in an bar shi ya malale fadama, na noma da su da itace, suka gwada da abin da yake samarwa a manyan filayen ban ruwa na sama. Suka tarar fadama ta fi riba nesa ba kusa ba a kan kowane ma'aunin ruwa. Ba su ce a rushe Tiga ba, ni ma ban ce ba. Shawarar ita ce a riƙa sakin ruwa mai yawa a lokacin da kogi ya saba cika, a rage shi sosai a wani yanki na rani don hanyoyi su sha iska. Wannan ba ya buƙatar rancen Bankin Duniya. Yarjejeniya yake buƙata tsakanin na sama da na ƙasa, da jadawalin da kowa ya sani.

Kuma an taɓa yin yarjejeniyar. A 2006, a Damaturu, magabatanku a waɗannan kujeru shida suka zauna a zamanin Shugaba Obasanjo, aka amince da tsarin kula da kogin baki ɗaya, aka kafa asusun amana na Haɗejiya, Jama'are da Komadugu Yobe wanda jihohi da Tarayya za su riƙa zuba wa kuɗi. Ofishinsa na Damaturu. Ina roƙon kowannenku ya kira kwamishinan kuɗinsa ya tambaye shi yaushe rabon da jiharsa ta saka wani abu a ciki, sannan ya faɗa wa jama'a amsar da ya samu.

Ga kuma ɗaya fuskar, wato ruwa in ya yi yawa. Damina ta canja hali, ruwan da ake samu cikin wata guda yanzu yakan sauka cikin kwana biyu ko uku. A 2022 ambaliya ta kashe fiye da mutum 600 a faɗin ƙasar nan ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu, Jigawa na cikin waɗanda suka fi jin jiki. Matasan Haɗejiya da buhunan yashi suka kwana a kan jinga suna tare ruwa da fitilar waya, shi ya sa garin ya tsira. Duk shekara in ruwa ya taso sai magana ta bazu cewa an saki Tiga, hukuma ta fito ta ce ba ta saki komai ba, madatsa ce ta cika ta tumbatsa. Mai yiwuwa gaskiyarta ce. Amma tsakanin jita-jita da ƙaryatawa babu wani adadi da manomi zai riƙe. Me zai hana kowane mako, daga Yuli zuwa Oktoba, gidajen rediyon jihohinku su karanta tsayin ruwa a Tiga da Calawa da Wudil da Haɗejiya da Gashuwa, yadda ake karanta farashin hatsi? Ruwan da ya wuce Wudil yana ɗaukar kwanaki kafin ya isa Guri. Kwanakin nan sun isa mutum ya kwashe hatsinsa da awakinsa.

Mai girma Gwamnan Borno ba ya buƙatar a ba shi labarin daren 10 ga Satumban 2024, da madatsar Alau ta ɓalle kogin Ngadda ya shiga Maiduguri, ya cinye kasuwa da asibiti da gidan yari da gidan namun daji. Madatsar ta taɓa yin haka a 1994. Alau ba a kan koginmu take ba, amma in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka san abin yi. Tiga ta haura shekara 50, kuma ruwan da take riƙe da shi ya ninka na Alau sau da yawa, ga garuruwa jere a ƙasanta. Ku nemi injiniyoyin da ba ma'aikatan kowa ba su duba ta ita da Calawa da ƙananan madatsun jihohi, a buga abin da suka gani a fili.

Za a ce ai akwai kuɗin waje. Akwai. Shirin ban ruwa na Bankin Duniya mai suna TRIMING ya gyara magudanan Kadawa da na Auyo, na farfaɗo da ƙasa mai suna ACReSAL ya zo da dala miliyan 700 a 2021 don jihohin Arewa 19 da Abuja, an kuma amince da wani na dala miliyan 500 a Satumban 2024 wanda ya haɗa da lafiyar madatsu. Amma duk rance ne, da dala za a biya, kuma kowane shiri yana da ranar rufewa, laka kuwa ba ta da ita. Kyauta ma ƙofarta na ƙara tsukewa. Amurka ta rufe hukumarta ta ba da agaji, USAID, a 2025 ta kuma sake juya wa yarjejeniyar Faris kan sauyin yanayi baya, Turai ta karkata kuɗinta ga makamai. Asusun biyan asarar sauyin yanayi da aka yi ta murna da shi, alkawarin da aka tara masa a taron Dubai na 2023 bai wuce dala miliyan 700 da 'yan kai ba, na duniya baki ɗaya, wato kusan daidai da rancen ACReSAL kaɗai. Wanda ya jira wannan ya yashe masa kogi zai daɗe a gaɓa. A gefe guda, tun da aka cire tallafin mai kason da jihohi ke karɓa daga asusun Tarayya ya ƙaru ƙwarai. Kuɗin nan daga galan ɗin manomin da na ambata ya fito. Gadar sama tana da kyau a hoto, na sani, yashe mashiga kuwa ba a yanka mata kyalle. Duk da haka ina roƙon a ware wa kogi layinsa a kasafin kowace shekara, a kuma sake shi kafin ruwa ya sauka, ba a Disamba ba.

Injin ban ruwa mai aiki da hasken rana shi ne abu mafi amfani da ya shigo fadama a 'yan shekarun nan, domin ya raba manomi da fetur da dala a lokaci guda. Ku taimaka a same shi bashi a biya bayan girbi, ta hannun ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, ba ta hannun shugaban jam'iyya na mazaɓa ba, a kuma koya wa matasa gyaransa. Sai dai akwai abin lura. Mai fetur yana kashe inji da zarar gona ta sha, saboda kuɗinsa ke ƙonewa. Mai sola ba abin da ke ƙone masa, sai ya bar shi tun hantsi har la'asar. Ruwan da ke ƙarƙashin fadama kuwa ambaliyar shekara ce ke mayar da shi. In aka rage ambaliya aka ninka zuƙa, 'yan rijiyoyin fadama za su fara kafewa, kuma mai ƙaramin ƙarfi ne zai fara rasa ruwa don ba shi da kuɗin ƙara zurfi. A fara auna zurfin ruwan ƙasa tun yanzu, kafin a raba dubbai.

Mai girma Gwamnan Bauci, maganar madatsar Kafin Zaki takan taso duk bayan 'yan shekaru, kuma mutanenka suna da hujja: Kano ta datse nata ta amfana, don me za a hana su? Amma Jama'are shi ne babban reshen da ya rage ba a datse ba, kuma mafi yawan ruwan da ke isa Gashuwa da Gaidam daga gare shi yake. Kada a ɗora tubali sai an zauna da Yobe da Borno an rubuta nawa za a riƙa saki da kuma yaushe. Mai girma Gwamnan Kano, tashar lantarkin da aka kafa a Tiga abin so ce, sai dai injinta ruwa mai gudana kullum yake so, irin wanda kacala ke so, don haka a sa ta cikin jadawalin. Dattin masana'antun fata na Calawa da Sharaɗa kuma ba a Kano yake tsayawa ba.

Game da Nijar, Abuja da Yamai za su shirya a lokacin da suka ga dama, amma manomin tattasai na Diffa da na Damasak gaɓa biyu ne na kogi ɗaya. Akwai yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 kan rabon ruwan da ƙasashen biyu suka yi tarayya a kai, Komadugu Yobe na ciki. Akwai Hukumar Tafkin Cadi tun 1964, akwai kuma zauren gwamnonin yankin tafkin da aka fara a Maiduguri a 2018, inda gwamnan Diffa ke da kujera. Ba sai an jira ECOWAS ba kafin a aika wa Diffa labarin cewa ruwa na tafe. Sarakunanmu na Gumel da Macina da 'yan'uwansu na Damagaram ba su taɓa daina gaisawa ba, a bi ta wajensu in ta ofis ta toshe.

Abin da nake nema a ƙarshe ƙarami ne a wajenku. Ku zauna ku shida kafin marka ta bana, ku gayyato Ministan Albarkatun Ruwa da shugaban hukumar kogunan. Kada a yi zaman a otal a Abuja. A yi shi a Nguru ko Guri, a shigar da ku kwale-kwale ku ga mashigar Marma da idonku, a ba sarkin ruwa da sarkin noma da arɗo da matan da ke turara shinkafa dama su yi magana kafin masu jawabi. Ku fito da jadawalin sakin ruwa na shekara ɗaya, da adadin da kowace jiha za ta zuba a asusun Damaturu, da ranar da za a fara karanta tsayin ruwa a rediyo.

Allah Ya taya ku riƙo, Ya ba mu damina mai albarka. Wassalam.

Naku,
Wani tsohon malamin gona daga kwarin Haɗejiya